Kundin aiki: littafin farko, tsakanin asuba da ƙarfe takwas

Lahadi, 8 ga Satumba, 2024

Yau muka sa hannu a yarjejeniya da Malama, don haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Shekara shida ke nan ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfani, takwas na safe zuwa biyar na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Uku daga cikin shekarun nan ina gyara wa mutane rubutu a gefe. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ɗauki rubutun wani tun yana ɗanye, in raka shi har ya zama littafi mai bango da lamba, da sunan ɗan ƙaramin kamfanina a bayansa. Shi nake so in yi yanzu, ba tare da na saki aikin da ke riƙe da gidana ba.

Malama tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Labarinta babi 19 ne, kalmomi wajen 52,000. Ta so a rubuta cewa ta sayar min da shi gaba ɗaya don ta huta, na ƙi. Haƙƙin mallaka yana hannunta; ni izinin bugawa da sayarwa ta ba ni na shekara biyar, kasonta kashi 10 cikin 100 na kuɗin kowane kwafin da aka sayar, lissafi duk wata shida. Ta tambaye ni ko sai ta yi rajista kafin rubutun ya zama nata a doka. Na ce mata a ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙi na tabbata ne tun daga ranar da aka yi rubutun, kuma yana ci gaba aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ashe jikokina ma suna da rabo a ciki, ɗana."

Jarina iri biyu ne. Na kuɗi: kashi ɗaya cikin biyar na albashina, da nake warewa tun watan Janairu. Na lokaci: biyar da rabi zuwa bakwai na safe a ranakun aiki, da awa shida ranar Asabar. Awa goma sha uku da rabi ke nan a mako. Lahadi ta iyali ce, ba zan taɓa ta ba.

Laraba, 11 ga Satumba

Babi na 1 da na 2. Sun tafi sumul.

Asabar, 21 ga Satumba

Na kai babi na 8. Tun a babi na 3 na ga dole in buɗe takarda ta dabam in rubuta ƙa'idojin da za mu bi, in ba haka ba zan gyara abu a shafi na 20 in manta yadda na gyara shi a shafi na 90. Malama tana rubuta "shine" a wani wuri, "shi ne" a wani. Haka "akan" da "a kan", alhali ma'anarsu ba ɗaya ba ce: "akan yi haka" dabam, "a kan tebur" dabam. Sai "bata", wadda a rubutunta take tsaya wa "ba ta", wani lokaci kuma "ɓata". Takardar ta kai shafi biyu yanzu, kuma ita ce abu mafi amfani da na yi a watan nan.

Babi na 7 ne ya haɗa mu. Shafi huɗu ne na mafarkin jarumar, kuma a ganina suna tsayar da labarin a daidai inda ya kamata ya yi gudu. Na kira ta na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, saboda wannan mafarkin na rubuta littafin." Na sake karanta shi da asuba da wartsakakken kai, na ga tana da gaskiya rabi: mafarkin yana da amfani, wurinsa ne bai dace ba. Mun mayar da shi ƙarshen babi na 12. Da na bi hukuncin da na yanke da daddare bayan na dawo daga ofis a gajiye, da na yanke wa littafin zuciyarsa. Wannan ya ƙara tabbatar min da cewa aikin da ke bukatar tunani na safiya ne. Dare sai amsa saƙonni.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Makon nan bai yi min daɗi ba, kuma ni na jawo.

Na yi wa Malama alkawarin babi na 14 kafin ƙarshen Satumba, ban tsaya na tuna cewa ƙarshen wata shi ne lokacin rufe lissafi a ofis ba. Da na ga zan saɓa, sai na karya dokata: dare uku a jere ina kan rubutun har ƙarfe ɗaya, in tashi biyar. Ranar Litinin lissafin wata ya ƙi daidaita. Bambancin 270 ne. Duk mai aikin lissafi ya san idan bambanci ya rabu da tara ba saura, a fara zargin an juya lambobi biyu. Na san haka, amma kaina ya yi nauyin da sai da na shafe awa uku kafin in gano na shigar da 5,472 a inda ya kamata ya zama 5,742. Abokan aikina biyu ba su tafi gida ba sai bayan takwas na dare saboda ni. Ɗaya tana da jariri.

Washegari shugaban sashenmu ya kira ni. A kan teburinsa akwai shafi shida na babi na 13 da jan biro na a jiki; na manta su a cikin fayil ɗin da na miƙa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na daɗe da sanin kana da wani abu a waje, kuma ban hana ka ba. Amma awa takwas ɗin nan kamfani ya saya." Na ce, "Yallaɓai, gaskiya ne, ba ni da ta cewa." Don kuwa na karanta waɗannan shafukan ne a lokacin aiki, ba a hutun rana ba.

Na jima ina jin mutane suna magana kan aikin albashi kamar wani kurkuku da mai fasaha ke jiran ranar fita daga cikinsa. Ni ban yarda ba. Albashin nan ne ya sa na iya ce wa Malama ba sai ta biya ko sisi ba, shi ya sa na iya zaɓar littafin da nake ƙauna maimakon wanda zai fi saurin sayuwa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Na ba abokan aikina haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Sababbin dokoki biyu: takardar littafi ba ta sake shiga jakar ofis, kuma kwana huɗun ƙarshe na kowane wata ba na cikin jadawalin littafi. Na kira Malama na ce komai zai ja baya da mako biyu. Ta ce shekara tara ta yi tana rubuta shi, mako biyu ba komai ba ne.

Asabar, 12 ga Oktoba

An gama gyaran babi 19 duka. Na tura mata ta duba.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ta fito. Yawancin ƙasashe suna da hukumar da ke bayar da ita, uwar hukumar kuma tana Landan. Na karɓi biyu, domin bugun takarda da na lantarki kowanne da tasa. Tun 2007 lambar ta koma guda 13, tana farawa da 978 ko 979. Ta ƙarshen ba zaɓar ta ake yi ba, lissafa ta ake yi: a ninka lambobi goma sha biyun farko da 1 da 3 bi da bi, a tara, sai a nemo abin da zai cike jimillar ta zama mai rabuwa da goma. Amfaninta ta kama kuskure, har da irin wanda na yi a ofis, na juya lambobi biyu maƙwabta, sai dai idan tazarar da ke tsakaninsu biyar ce. Na zauna da biro na lissafa tawa da kaina, ta fito daidai.

Abin da wannan matakin ya nuna min: duk wanda zan yi hulɗa da shi a harkar ɗab'i, daga hukuma zuwa maɗaba'a, a lokacin aikina yake aiki. Sai da na ɗauki rabin yini daga hutuna na shekara. Saura kwana bakwai da rabi.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ana baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus, daga 16 zuwa 20 ga wata. Bana Italiya ce babbar baƙuwa. Na kalli kaɗan a waya lokacin hutun rana. Babban cinikin da ake yi a can na haƙƙin fassara ne tsakanin kamfanoni, sai na tuna yarjejeniyarmu ba ta ce komai a kan fassara ba. Mun ƙara layi ɗaya: yana hannun Malama.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na taɓa Lahadi, da izinin uwargida, awa biyu kawai.

Tsara shafuka nake yi da manhajar Scribus, domin kyauta ce, InDesign kuwa sai an riƙa biya. Scribus ta fi wuyar sabo, amma tana aikin. Girman littafi A5, wato milimita 148 da 210. Zubin haruffa na zaɓi Charis SIL saboda yana da ƙ, ɗ, ɓ manya da ƙanana. Zubi da yawa masu kyau ba su da su. Wata matsala da ta cinye min safiya biyu: kwamfuta tana juya alamar da ke gaban 'ya da 'yan ta mayar da ita alamar buɗe zance. Sau 340 da wani abu na gyara.

Shafuka sun fito 181. Injin buga littafi babbar takarda yake bugawa a naɗe ta, yawanci shafi 16 a kowane naɗi, don haka ko dai 176 ko 192. In na tafi 192 zan biya kuɗin naɗi guda don shafi biyar. Na bar sabon babi ya riƙa farawa a kowane gefe maimakon dama kaɗai, na ɗan rage sararin ƙasan shafi. Yanzu 176 cif, naɗi 11, ba a cire kalma ɗaya ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Maɗaba'a uku sun ba ni farashi. Bugun dijital bai bukatar faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora hoton shafuka a kai don injin ya buga, ya dace da kwafi kaɗan, amma kuɗin kowane kwafi ba ya sauka sosai. Bugun ofset sai an yi faranti, farko da tsada, sannan yawan kwafi na rage kuɗin guda. Duk ukun sun matsa min in yi 1,000. Na zaɓi 500 a ofset, takarda mai nauyin giram 80. Dubu zai cinye ajiyata kaf, kuma ban san ko ina da masu karatu dubu ba tukuna. Na ba da rabin kuɗi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ranar Asabar na karɓo kwafin gwaji. Shafukan farko lafiya lau. Da na kai shafi na 41, inda wasiƙar farko ta jarumar take, gabana ya faɗi. Wasiƙun da ke cikin labarin da karkatattun haruffa na tsara su, kuma duk harafi mai ƙugiya a cikinsu ya zama miƙaƙƙe. "Ɗana" ya koma "dana". "Na ɓata miki rai" ya koma "na bata miki rai". "Ƙasa" ta zama "kasa". Wasiƙu goma sha huɗu, kuma su ne ƙashin bayan littafin.

Ga yadda abin ya faru. Da na fitar da fayil ɗin PDF, zubin karkatattun haruffan bai shiga cikinsa ba, kuma ban duba ba. Kwamfutar maɗaba'a ta maye gurbinsa da wani da ba shi da haruffan, sai ƙananan akwatuna suka bayyana a wurinsu. Wani ma'aikacinsu ya ga akwatunan, da niyyar taimako ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa k, d da b. Sun kira ni sau huɗu ranar Alhamis don su tambaya. Ina cikin taron kasafin shekara tun tara har uku, wayata a kashe, kamar yadda na yi wa Yallaɓai alkawari. Da suka ji shiru, kuma injinsu na da sarari ranar, sai suka yi farantan naɗi huɗu ba tare da sa hannuna ba.

Ranar Litinin na ɗauki yini guda na je. Mai maɗaba'ar ya ce fayil ɗina ne ke da lahani, gaskiyarsa. Na ce takardar da muka sa wa hannu ta ce ba a yin faranti sai na amince da kwafin gwaji, gaskiyata. Ya ce, "Malam, ai mai karatu zai gane, mutane nawa ne ke rubutu a waya ba ƙugiya?" Nan ne raina ya ɓaci. Saƙon waya dabam, littafi dabam. Yaron da zai ɗauki littafin nan ya koyi rubutu daga cikinsa, abin da ya gani shi zai ɗauka daidai ne. Matar da ta yi shekara talatin tana koyar da ƙa'idar rubutu kuma ba zan miƙa mata littafinta da irin kuskuren da take ja wa ɗalibai layi a kai ba. Mun raba asarar biyu. Kasona ya kai kusan rabin albashin wata, kuma daga kuɗin da na ware wa talla ya fito.

Na sake fitar da fayil ɗin, na buɗe bayanansa na tabbatar kowane zubi yana ciki. Na kuma ba su lambar uwargida: in ba su same ni ba su kira ta, amsarta guda ce, a dakata. Hutuna saura kwana shida da rabi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kwafin gwaji na biyu. Na karanta wasiƙun goma sha huɗu da ƙarfi, kalma kalma. Daidai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yallaɓai ya sake kira na ranar Talata, wannan karon da tayi. Za a buɗe gurbin mataimakinsa a Janairu, kuma ni yake so. Albashi zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na ga yadda wanda ya bar kujerar yake rayuwa: Asabar biyu a wata a ofis, waya a kunne har dare.

Na zauna na yi wa littafin lissafi kamar yadda nake yi wa kamfani. Masu sayar da littattafai da na tuntuɓa suna neman ragin kashi 35 zuwa 40 cikin 100, wasu kuma ba sa biya sai sun sayar. In aka cire wannan, da kason Malama, da kuɗin bugu, da na mai zanen bango, da asarar faranti, sai na sayar da kwafi kusan 370 kafin in mayar da uwar kuɗi. In duk 500 suka ƙare, ribar ba za ta kai albashin wata guda ba, a aikin wata huɗu. Ban lissafa awannina ba ma. Duk wanda ya ce min in ajiye aiki in bi abin da zuciyata ke so, wannan takardar zan nuna masa.

Amma takardar ba ta ce in karɓi kujerar ba. Awa shida na Asabar su ne kusan rabin kamfanina. In suka tafi, sunan zai rage a takarda kawai. Na nuna wa uwargida lissafin biyu. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Maigida, kuɗin makarantar yara za su ƙaru baɗi, ka sani. Amma na ga fuskarka ranar da ka kawo kwafin gwajin nan na biyu. Ka ba abin shekara ɗaya. In littafi uku ba su riƙe kansu ba, mu sake zama." A kan haka muka tsaya, kuma na rubuta shi da kwanan wata: Disambar 2025.

Jiya na gaya wa Yallaɓai. Ya ce yana ganin kuskure nake yi, kuma gurbin ba zai jira ni ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Daren jiya ban yi barcin kirki ba.

Litinin, 2 ga Disamba

Bango. Shuɗin da muka gani a allon kwamfuta ya fito da duhu a takarda, domin allo da haske yake haɗa launi, inji kuma da tawada huɗu. Mai zane ya gyara. Ya manta bai bar rarar milimita 3 a gefuna don yanka ba, ya gyara wannan ma. Kaurin gadon bayan littafi milimita 9. Na sa hannu.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwali goma sun iso da hantsi. Ni da babban ɗana muka zauna a ƙasa muka duba kowane kwafi, muna murza shafuka da babban yatsa. Goma sha ɗaya sun lalace: bakwai an yanka su a karkace, huɗu naɗi na 6 ya shiga a kife. Maɗaba'a ta amince za ta musanya. Na ware kwafin da doka ta ce a kai ɗakin karatu na ƙasa, da goma na Malama.

Da la'asar na kai mata. Ba ta tsaya kan bango ba. Ta sa tabarau, ta buɗe shafi na 41, ta ɗora yatsa a kan layin farko na wasiƙar tana bi a hankali har ƙarshen shafin. Sannan ta rufe, ta ɗora shi a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ban iya cewa komai ba sai amin.

Abin da ya rage a asusun littafi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na fara da shi ba. Babu kuɗin talla, don haka zan fara da makarantu da ƙungiyoyin masu karatu da na sani, kwafi 120 kuma za su tafi wurin masu sayarwa uku da suka yarda su biya rabi nan take. Bugun lantarki sai Fabrairu.

Jibi Litinin za a fara rufe lissafin shekara a ofis, kuma har 10 ga Janairu ba zan buɗe fayil ɗin kowa ba. Wani matashi ya turo min gajerun labarai goma sha biyu tun Oktoba. Na karanta biyun farko, na biyun ya zauna min a rai. Na rubuta masa cewa zan fara nasa ranar Asabar, 11 ga Janairu, kuma na gaya masa tun yanzu cewa kwana huɗun ƙarshen kowane wata ba zai ji daga gare ni ba.